Ku Tambaya Mu Amsa: Idan rumbun bayanan ofis ya ƙi karɓar abin da aka loda masa

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wasiƙun da suka taru wannan karon kusan duk kukansu ɗaya ne, an ɗauko bayanai daga Excel ko fayil ɗin CSV, wato fayil na rubutu zalla da ake raba gurabensa da waƙafi, za a zuba cikin rumbun bayanai wanda mutane da yawa ke aiki da shi ta netwok ɗin ofis, sai abu ya cije. Roƙona kafin mu shiga, duk mai turo tambaya dan Allah ya riƙa kwafo saƙon kuskuren yadda kwamfuta ta rubuta shi, harafi da harafi har da lambarsa idan akwai, saboda in ka ce min "ya ƙi yi" kawai to ka bar ni da canki-canka, alhali saƙon nan da mutane ke saurin danna OK su kore shi galibi shi ne rabin amsar.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ni ce nake kula da rajistar mambobi a wata ƙungiya, muna amfani da Microsoft Access da aka ajiye a folda ɗaya kowa na shiga ta kwamfutarsa, duk ƙarshen wata ana turo min sabbin sunaye a Excel ina lodawa, to wannan karon ina gamawa sai naga wani sabon tebur ya fito da kansa mai ImportErrors a ƙarshen sunansa, na buɗe naga an rubuta Type Conversion Failure yafi sau ɗari, kuma lambobin wayar mutane wasu babu sifilin farko wasu ma wajen wayam ba komai. Ni dai wlh ban taɓa komai ba. Ko bairos ne? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. Kwantar da hankalinki ba bairos ba ne, kuma teburin nan da ya ba ki tsoro kar ki goge shi tukuna, Access ne da kansa ya rubuta miki rahoto. In kin duba za ki ga kolom uku ne, ɗaya na faɗin irin kuskuren, ɗaya sunan gurbin da ya ƙi karɓa, na ukun kuma lambar layin a fayil ɗin da kika loda. Ki ɗauki lamba biyu ko uku ki koma Excel ki kalli waɗannan layukan da idonki, na tabbata za ki tarar da irin su lambar waya mai alamar tarawa a gaba, ko lamba biyu a gurbi ɗaya an raba su da sanda, ko wani ya rubuta "babu" a wajen lamba.

Abin da ke faruwa shi ne, idan sabon tebur za ki yi, Access na leƙa layuka 8 na farko ne kawai a kowane kolom na Excel ya yanke hukuncin wane iri ne, idan fayil ɗin rubutu ne irin CSV kuma layuka 25. Ya ga lambobi zalla a saman sai ya ce to wannan kolom na lissafi ne, da ya gangara ƙasa ya ci karo da harafi sai ya jefar da abin ya bar gurbin fanko. Idan kuma kan tsohon tebur kike ƙarawa, to wanda ya gina teburin ne ya saita gurbin wayar a matsayin Number tun asali, sakamakon dai ɗaya ne. Shi kuwa lissafi bai san sifilin gaba ba, 0803 da 803 duk ɗaya ne a wajensa. Gwajin da nake ba mutane mai sauƙi ne, ki tambayi kanki, wannan lambar za a taɓa tara ta da wata ko a raba ta? In amsar a'a ce, kamar lambar waya, lambar katin shaida, lambar asusu, to rubutu ce, a saita ta Short Text, wanda ke ɗaukar haruffa har 255.

Amma fa ki duba fayil ɗin Excel ɗin kansa, don sau da yawa ɓarnar tun can aka yi ta kafin ya iso hannunki. Excel na cinye sifilin gaba da zarar an buga lamba a gurbin da ba a mayar da shi Text ba, kuma ba ya riƙe lamba fiye da guda 15, duk abin da ya haura sai ya mayar da shi sifili, lambar da ta kai guda 12 kuma ya nuna ta kamar 1.23457E+11, in aka adana a CSV a haka to haka za ta tafi. Sifilin gaba ana iya maido shi in duk lambobin tsayinsu ɗaya ne, amma wutsiyar lamba mai guda 16 in ta tafi ta tafi, sai dai a koma wajen wanda ya tattara. Kar ki ga kamar sakacin ƙananan ofisoshi ne, masana ƙwayoyin halitta ma sun sha wuyar Excel har a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin halittar ɗan Adam suna ya canja sunayen wasu, MARCH1 ta koma MARCHF1, SEPT1 ta koma SEPTIN1, don Excel na mayar da su kwanan wata da kansa.

Yanzu gyara. Kar ki sake loda fayil ɗin a kan abin da ya riga ya shiga, za ki ninka mutane ne. In kina da kwafin ajiya na kafin lodin, kuma ba wanda ya ƙara aiki tun lokacin, ki maido shi. In babu, sai ki bi hanyar da nake so ta zame miki al'ada daga yau: ki loda Excel ɗin cikin wani sabon tebur na wucin gadi wanda ba kowa ke taɓa shi ba, kowane kolom ki ce Short Text ne har na kwanan wata, ta haka komai zai shiga yadda yake ba a jefar da ko ɗaya ba. A nan za ki tace, ki gyara masu matsala, sannan ki yi amfani da Update Query ki cike guraben da suka zama fanko ta hanyar haɗa teburan biyu da lambar mamba. Wata mai zuwa kuma Append Query, wato umarnin ƙara sabbin layuka, za ki yi daga teburin wucin gadin zuwa babban. Ƙarin aikin minti kaɗan ne, amma babban teburin da jama'a suka dogara da shi ba ya ganin komai sai abin da kika riga kika duba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, mun loda sunayen ɗalibai cikin MySQL sai duk sunan da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ ya lalace, wasu sun zama alamar tambaya wasu kuma wani irin rubutu kamar Æ™, kuma wani fayil ɗin ma ya ƙi shiga gaba ɗaya yana cewa Incorrect string value. Shin kawai mu daina sa haruffa masu ƙugiya ne? Daga wani malamin makaranta.

AMSA: Haba Malam, a'a, sunan mutum haƙƙinsa ne a rubuta shi daidai, kuma kwamfuta ta daɗe da iya wannan. Cuta uku ce ka lissafo kuma kowacce da maganinta.

Wanda ya koma Æ™ shi ne mai sauƙi, don bayanan na nan ba su mutu ba. A UTF-8, wato tsarin adana haruffa da aka rubuta fayil ɗin da shi, harafin ƙ bayit biyu ne (bayit shi ne ɗan ma'aunin bayanai a kwamfuta), sai aka karanta fayil ɗin da tsohon tsarin Windows-1252 wanda ke ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi guda, shi ya sa ƙ ta rabu biyu ta zama Æ da ™, ɗ kuma ta zama É da doguwar karan ɗori. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, mai karantawar ne ba a gaya masa yaren ba. A umarnin LOAD DATA ka ƙara CHARACTER SET utf8mb4, in ta phpMyAdmin kake lodawa akwai wajen zaɓar tsarin haruffan fayil a shafin Import, masu Access kuma su danna Advanced su zaɓi Unicode UTF-8 a Code Page.

Alamar tambaya ita ce mai ciwo. Ma'anarta an bi da harafin ta wani tsari da babu shi a ciki sam, sai aka maye gurbinsa da ?, kuma babu dabarar da za ta gane ko ƙ ce ko ɗ ce a da. Wuri biyu ake yin wannan ɓarnar. Ko dai lokacin adanawa a Excel an zaɓi CSV na gama-gari maimakon wanda aka rubuta CSV UTF-8, ko kuma teburin kansa latin1 ne, wanda shi ne saitin asali na MySQL har zuwa 5.7, sai a 8.0 aka koma utf8mb4. Ka buɗe CSV ɗin da Notepad, in alamomin tambayar na ciki to koma Excel na asali ka sake fitarwa, in kuma haruffan na nan daram to teburinku ne ke buƙatar canji, a ɗauki kwafin ajiya sannan a canja. Masu SQL Server su kuma su duba ko gurbin VARCHAR ne, a mayar da shi NVARCHAR.

Na ukun, Incorrect string value mai lamba 1366, galibi ko dai fayil ɗin ba UTF-8 ba ne aka ce wa MySQL UTF-8 ne, ko kuma wani ya sa emoji a cikin bayanan. Abin da MySQL ya daɗe yana kira utf8 bayit uku kawai yake ɗauka, haruffanmu masu ƙugiya na shiga lafiya, amma emoji bayit huɗu ne sai utf8mb4. Wani ƙaramin abu kuma da zai iya ɗaure maka kai nan gaba, CSV UTF-8 na Excel yana sa wata ɓoyayyiyar alama mai bayit uku a farkon fayil, ana ce mata BOM, in ka ga sunan kolom na farko ya zo da ï»¿ a gabansa ko manhaja ta ce ba ta ga kolom ɗin farko ba alhali ga shi kana gani, to ita ce, Notepad++ na iya sake adana fayil ɗin ba tare da ita ba.

TAMBAYA: Injiniya ina gaisuwa, matsalata ita ce idan ni kaɗai ne a ofis lodi na tafiya lafiya amma da rana in abokan aiki na ciki sai ya tsaya a tsakiya, wani lokaci yace Could not update currently locked wani lokaci File sharing lock count exceeded, jiya ma da laftof ɗina nake ta Wi-Fi ya katse, dana sake lodawa yanzu kayan sito duk sun zama bibbiyu oga kuma yana ta faɗa, yau da safe wani ma yace masa Unrecognized database format. Access ne. Meye mafita? Daga wani ma'aikacin sito.

AMSA: Ɗan'uwa bari mu fara da na ƙarshen don shi ne mai gaggawa. Unrecognized database format alama ce ta fayil ɗin ya fara lalacewa. Yau ɗin nan kowa ya fita daga rumbun, ka kwafe fayil ɗin gefe guda kafin ka taɓa komai, sannan ka yi Compact and Repair a kan kwafin, a kwamfuta ɗaya, ba ta netwok ba. In ya gyaru ka duba ko wani tebur mai suna MSysCompactError ya fito, a nan yake rubuta abin da ya kasa cetowa. Kar a ci gaba da aiki a kan fayil mai rauni ana cewa ai yana buɗewa, kullum ƙara tsagewa yake.

Dalilin lalacewar kuma kai ka faɗe shi da bakinka. Access ba saba (server) ba ne, wato manhajar da ke zaune a tsakiya tana karɓar rubutun kowa, fayil ne kawai a folda, kwamfutar kowa ce ke miƙa hannu ta netwok tana rubutu a cikinsa kai tsaye, babu wani mai tsaron ƙofa a tsakiya da zai ce wannan rubutun bai kammala ba a soke shi. To in Wi-Fi ya ɗauke ko na daƙiƙa biyu ana tsakiyar rubuta dubban layuka, an bar fayil ɗin rabi da rabi kenan. Ra'ayina a nan ba sassauci, babban lodi a Access ta kebul ɗin netwok ake yinsa ba ta Wi-Fi ba, ko ma a kan kwamfutar da fayil ɗin ke zaune, kuma kar a ajiye irin wannan rumbun a foldar da OneDrive ko Dropbox ke daidaitawa.

Saƙon currently locked ba lalacewa ba ce, wani ne ya buɗe layin ko teburin yana gyara, Access ya kulle don kar ku rubuta a kan juna. Za ka ga wani ɗan ƙaramin fayil mai ƙarshen .laccdb kusa da babban, shi ke riƙe da sunayen kwamfutocin da ke ciki, kuma yana gogewa da kansa in na ƙarshe ya fita. In kowa ya rantse ya fita amma fayil ɗin na nan, ko dai wata kwamfuta ta mutu ba ta yi sallama ba, ko kuma akwai wanda ba a ba shi izinin gogewa a foldar ba, don kowane mai amfani na buƙatar izinin karantawa da rubutawa da ƙirƙira da gogewa a foldar gaba ɗaya ba a kan fayil ɗin kaɗai ba. Shi kuma File sharing lock count exceeded, mai lamba 3052, yana nufin aikinka ya nemi makullai fiye da iyakar da aka sa, wadda asalinta 9,500 ce a saitin MaxLocksPerFile. Ana iya ɗaga ta, amma ni na fi son a yanka lodin gida-gida, a yi shi lokacin da ba kowa, a sanar da mutane tun da wuri cewa daga ƙarfe kaza zuwa kaza kar a shiga.

Maganar bibbiyu kuwa, a nan ne nake so ku zauna da ogan. Da teburin na da wani gurbi da aka ce ba a yarda ya maimaitu ba, kamar lambar kaya ko lambar rasit, da lodi na biyu Access ya ƙi karɓar waɗanda suka riga suka shiga ya gaya maka adadin da ya ƙi saboda key violations. Mutane na jin haushin wannan saƙon har su cire makullin, wato wannan doka ta hana maimaituwa, don lodi ya wuce, alhali shi ne ke kare su. Yanzu ka yi amfani da Find Duplicates Query Wizard ka fito da su, amma kar ka goge da ka, don tun jiya wataƙila abokan aikinka sun fitar da kaya a kan ɗaya daga cikin tagwayen, sai an duba wanne ne ke da motsi. Bayan an share a sa Indexed No Duplicates a gurbin da ya dace. Kuma ka ƙara kolom biyu a teburin, ranar lodi da sunan fayil ɗin da aka loda, ran da abu ya sake katsewa umarni ɗaya zai kwashe duk abin da ya shigo ta wannan lodin.

In ba a raba rumbun biyu ba a raba, teburan su zauna a folda ta tarayya, fom da rahoto kuma kowa da kwafinsa a kwamfutarsa, akwai Database Splitter a cikin Access don wannan. Ka kuma sa ido kan girman fayil, iyakarsa gigabayit 2 ne, kuma yawan lodi da gogewa na kumbura shi har sai an yi Compact. In kun kai inda mutane da yawa ke rubutu lokaci guda kullum, to lokacin mayar da teburan kan saba ta gaske ya yi, SQL Server Express ko PostgreSQL ko MySQL, fom ɗinku na Access za su iya ci gaba da aiki a kansu.

TAMBAYA: Salam, BULK INSERT nake a SQL Server yana cewa Cannot bulk load because the file could not be opened, Operating system error code 5, alhali fayil ɗin na nan a Z: ina buɗe shi da hannuna. Daga wani ɗalibi mai koyon aiki.

AMSA: Kai kake ganinsa, sabar ba ta gani. Umarnin a kan sabar yake gudana, don haka C: da ka rubuta C: ɗinta ne ba naka ba, Z: kuma laƙabi ne da aka yi wa asusunka kai kaɗai. Ka rubuta cikakken adireshi irin \\sunan-kwamfuta\folda\fayil.csv, sannan admin ya ba asusun da SQL Server ke gudana da shi izinin karanta foldar. In da asusun Windows ka shiga daga wata kwamfutar daban, fayil ɗin kuma na kwamfuta ta uku, to shaidarka ba ta tsallaka zango biyu sai an yi saiti na musamman, mafi sauƙi a kwafa fayil ɗin kan sabar. Ka riƙe lambobin nan: 5 an hana izini, 3 ba a ga hanyar ba, 32 wani na riƙe da fayil ɗin, yawanci kai ne ka bar shi a buɗe a Excel. Masu MySQL irin wannan ne ke zuwa musu da lamba 1290 da maganar secure-file-priv, masu PostgreSQL kuma COPY na karantawa daga sabar, \copy na cikin psql shi ke ɗauka daga kwamfutarka.

TAMBAYA: Malam ni nawa abin mamaki ne, babu wani kuskure da ya fito, yace an gama lafiya, amma da muka fitar da rahoton wata sai lissafi ya ƙi daidaita, wasu cinikin watan Afrilu sun koma Maris, kuma kamar layukan basu cika ba. Ta ina zan fara? Daga wata akanta.

AMSA: Hajiya wannan shi ne irin da na fi tsoro, don mai ihu an san inda yake, shi kuwa wannan sai an yi wata ana yanke shawara a kan lissafin ƙarya. Kwanan watan dai a fili yake. An rubuta 03/04/2024 da nufin 3 ga Afrilu, kwamfutar da aka yi lodin da ita kuma saitinta na Amurka ne mai farawa da wata, sai ta karanta 4 ga Maris. Duk ranar da ba ta wuce 12 ba, juyewa za ta yi shiru, daga 13 zuwa sama kuma tunda babu wata na 13, wata manhajar ta ƙi su, wata ta bar gurbin fanko, wata ma ta juya su daidai da kanta, sai ki samu tebur rabi daidai rabi a birkice. A rumbun tarayya abin ya fi muni don yau wannan ya loda gobe wancan, kowa da saitin kwamfutarsa. Maganin shi ne ku yi doka ɗaya, duk fayil ɗin da za a loda kwanan watansa ya zama shekara, wata, rana, kamar 2024-04-03, tsarin ISO 8601 kenan kuma ba ya ɗaukar fassara biyu. In kuma kika ga lamba irin 45292 a wajen kwanan wata kar ki goge, yadda Excel ke ƙirga kwanaki ne a cikinsa, wannan 1 ga Janairun 2024 ce.

Layukan da suka ɓata kuma, fara da ƙirga. Nawa ne a fayil, nawa suka shiga, jimillar kuɗin fayil nawa, ta teburin nawa. Wannan ƙirgar wajibi ce bayan kowane lodi ko da kwamfuta ta ce komai lafiya. A 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta rasa mutum 15,841 masu cutar korona daga rahotanninta na tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba, saboda ana zuba sakamakon gwaji a tsohon tsarin XLS mai iyakar layi 65,536, abin da ya haura ya zube ba a sani ba. Sabon XLSX ma na da iyaka, layi 1,048,576. A MySQL kuma in aka yi LOAD DATA LOCAL, layukan da makullinsu ya maimaitu tsallake su ake yi a mayar da abin gargaɗi kawai, sai kin buga SHOW WARNINGS nan take za ki gani.

Sai ki buɗe CSV ɗin da Notepad ki duba waƙafi. Adireshi ko bayanin kaya mai waƙafi a ciki dole a kewaye shi da alamar zance, in ba haka ba sauran layin duk ya gusa gefe, kuɗi ya faɗa gurbin da ba nasa ba, alamar zance guda da aka buɗe ba a rufe ba kuma na iya haɗiye layuka da dama ta mayar da su gurbi ɗaya. Lambar da aka rubuta 1,500 ita ma wata manhajar 1 kawai za ta ɗauka. In fayil ɗin daga ƙasar da ke rubuta ɗigon lissafi da waƙafi ya zo, kamar Faransa ko Jamus, za ki ga waƙafi mai ruwa ne ke raba guraben. Kuma dan Allah a daina danna CSV sau biyu ya buɗe a Excel a duba a adana, a wannan ɗan leƙen ake yin yawancin ɓarnar nan, a bi ta Data sannan From Text/CSV a gaya masa irin kowane kolom.

TAMBAYA: Mun kwaso tsofaffin bayanai zuwa PostgreSQL komai ya shiga, amma yanzu duk wanda zai ƙara sabon kwastoma sai yace duplicate key value violates unique constraint. Sannan a wani rumbun namu na MySQL teburin oda ya ƙi shiga da lamba 1452, abokina yace in kashe FOREIGN_KEY_CHECKS kawai. In kashe? Daga wani mai kula da kwamfutocin kamfani.

AMSA: Na farkon ba komai ba ne. Kun shigo da layuka da lambobinsu na da, amma ma'ƙirgin da ke ba sabon layi lamba bai san an yi ba, yana nan yana farawa daga 1, sai ya yi karo da wanda ke wurin. Umarnin setval za ka yi ka kai shi kan lamba mafi girma da ke teburin, pg_get_serial_sequence zai ba ka sunan ma'ƙirgin in ba ka sani ba, kuma ka bi duk teburan da aka loda ɗaya bayan ɗaya.

Na biyun kuma kar ka kashe, FOREIGN_KEY_CHECKS shi ne binciken da ke tabbatar da kowace oda na da kwastomanta. 1452 na gaya maka akwai odar da ke nuna kwastoman da babu shi a teburin kwastomomi. Wani lokaci jeri ne kawai, a fara loda kwastomomi kafin oda. Wani lokaci kuma lambar na nan amma da ɓoyayyen fili a jikinta, ko sifilin gaba ya faɗi a fayil ɗaya bai faɗi a ɗayan ba, ko kuma fayil ɗin na Windows ne ba a sa LINES TERMINATED BY '\r\n' ba sai kolom na ƙarshe ya kwaso wani harafi da ido ba ya gani. Ka sani TRIM na Excel ba ya cire filin nan mai lamba 160 da ke biyo rubutun da aka kwafo daga intanet, sai da SUBSTITUTE. In ka bi shawarar abokinka lodi zai wuce, amma ran da ka sake kunna binciken MySQL ba ya komawa ya duba abin da ya shiga a bayan idonsa, odar marayu za su zauna a ciki, rahoton da ke haɗa teburan biyu ya riƙa tsallake su ba wanda ya sani. Ka zuba odar a teburin wucin gadi, ka yi LEFT JOIN da teburin kwastomomi ka fito da waɗanda ba su da abokin haɗi, ka kai wa masu bayanan su faɗa maka su waye. Sauran ka shigar da su tsakanin START TRANSACTION da COMMIT in teburan InnoDB ne, wato nau'in teburin MySQL da ke yarda a soke aiki, ka ƙirga kafin ka buga COMMIT ɗin, in lissafi bai yi ba ROLLBACK ya mayar da komai yadda yake kafin abokan aikinka su ga ko layi ɗaya.